Tarihin Koya wa Yara Zaman Lafiya a Ƙasar Hausa: Daga Tsakar Gida Zuwa Ajin Firamare

Koya wa yaro yadda zai zauna da mutane lafiya ya girmi makarantar firamare a ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru. Kafin a san aji da jadawali, gida da unguwa da makarantar allo ne ke ɗauke da wannan nauyi, kuma ba su ware masa wani lokaci na daban ba. Yana cikin gaisuwa, da cin abinci, da wasa, da karatu. Sai a farkon ƙarni na 20 hukuma ta fara sa hannu, har a hankali abin ya zama darasi mai suna da littafi da jarrabawa. Abubuwa biyu ne suka riƙa sauyawa a tsawon wannan tafiya. Na farko shi ne mai koyarwa, daga kaka da malamin zaure zuwa malamin gwamnati. Na biyu shi ne iyakar mutanen da ake son yaro ya zauna da su lafiya, daga 'yan gidansu da 'yan unguwarsu, zuwa 'yan'uwansa Musulmi, zuwa al'ummar ƙasa mai harsuna ɗaruruwa da addini fiye da ɗaya.

Gida da unguwa

A gidan gandu, inda magidanci da matansa da ƙannensa da 'ya'yansu ke zaune wuri ɗaya, saɓani abin kullum ne, shi ya sa ake cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Manufar tarbiyya a nan ita ce hana ƙaramin saɓani girma. Abin da ake fara koya wa yaro shi ne gaisuwa. Da safe zai je ya durƙusa ya gai da mahaifinsa da dukan matan gidan, ba mahaifiyarsa kaɗai ba, kuma ba zai kira kishiyar uwarsa da sunanta ba.

Daga nan sai cin abinci. Yara maza kan haɗu a kan akushi ɗaya, mata ma haka, kuma zaman yana da ƙa'ida. Za a wanke hannu, a yi bisimilla, a ci da dama, kowa ya ci gabansa. Ƙarami ne ke riƙe bakin kwano, kuma ba zai riga babba kai hannu ga nama ba. Shi kuwa babba ana sa ran ya riga tsame hannu, ya bar wa ƙarami saura. Kafin yaro ya kai shekara bakwai ya riga ya gane cewa yana da rabo, na kusa da shi ma yana da nasa, kuma girma ba ya zuwa sai da nauyi.

Idan faɗa ya kaure tsakanin yara, duk babban da ya tarar da su yana da ikon raba su ya tsawata musu, ko bai san iyayensu ba, domin ɗa na kowa ne. Ba a cika tsananta binciken wanda ya fara ba. Akan ce wa ƙarami ya ba da haƙuri, a ce wa babba ya yafe tunda shi ne babba. Uwar da ta fito ta tare wa ɗanta faɗa ita ake ganin baikenta a unguwa. Abin da aka fi ƙyama shi ne gaba, wato yaro ya daina yi wa ɗan'uwansa magana, don haka manya kan aiki masu gabar wuri ɗaya da gangan har sai sun shirya. Al'adar riƙo ma ta taimaka, domin yaron da aka bai wa gwaggo ko kaka ko kishiyar da ba ta haihu ba bayan yaye yakan tashi da gida biyu, ya zama igiyar zumunci tsakaninsu.

Da dare kuma sai tatsuniya. Tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa, sannan a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi, ko na 'yar bora da 'yar mowa. 'Yar bora takan gai da duk abin da ta tarar a hanya, ta yi haƙuri da aikin da aka sa ta, ta dawo da arziki. 'Yar mowa takan bi hanyar da rashin kunya da gatsali, ta dawo da abin kunya. Gizo kuwa wayonsa da zarinsa su ke jefa gari cikin rigima, kuma sau da yawa a kansa abin ke ƙarewa. Frank Edgar ya tattara ɗaruruwan irin waɗannan labarai a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Halayen da suke yabawa su ne waɗanda masanin Hausa Anthony Kirk-Greene ya jera a nazarinsa na mutumin kirki da aka buga a 1974: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Wannan tarbiyya tana da iyakarta. Ta fi nauyi a wajen biyayyar na ƙasa ga na sama, kuma haƙurin da ake nema daga mace da bawa da talaka ya fi wanda ake nema daga mai iko. Wasu tatsuniyoyin ma da baƙo ko Bamaguje ko Bagwari ake yin abin dariya. Zaman lafiyar da ta fi kula da shi na cikin gida da gari ne.

Wasan barkwanci

Hanyar da al'ada ta samar don abin da ya wuce gari ita ce barkwanci. Yaro yana fara saninsa a gida, tsakanin jika da kaka, da kuma tsakanin taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji. A watan cika-ciki taubasai kan bi juna karɓar kuɗin shara, ana tsokana ana dariya. Daga nan yake ganin irin wasan tsakanin garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari, Fulani da Tibi. Yawancin waɗannan ana danganta su da tsohon yaƙi ko auratayya, kuma kowane ɓangare yakan ce shi ne ubangidan ɗayan. Ƙa'idar ita ce duk abin da abokin wasa ya faɗa ba a fushi, kuma idan ya shiga tsakani a rigima ba a watsa masa ƙasa a ido. Yaron da ya ga mahaifinsa yana musayar baƙar magana da baƙo a kasuwa suna tafawa ya koyi cewa tsohuwar gaba tana iya komawa raha. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki al'adar da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Makarantar allo

Tarihin Kano ya nuna cewa malaman Wangarawa sun iso birnin a ƙarni na 14, zamanin Sarki Yaji, kuma a ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Muhammadu al-Maghili ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Da addini ya zauna da gindinsa, makarantar allo ta zama wurin da yaro ke fara zama ƙarƙashin wani babba da ba danginsa ba, tare da yaran da ba 'yan gidansu ba.

Karatun kansa yana da matakai: babbaƙu, farfaru, haɗa baƙi, har zuwa sauka. Ɗalibai ma suna da nasu, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi. Gardi ne ke biya wa kolo karatu, ya rubuta masa allo, ya raba faɗa idan malam ba ya nan. Ɗan attajiri da ɗan talaka a ƙasa ɗaya suke zama, wuta ɗaya suke kewayewa da dare, da itacen da kowa ya ɗebo rabonsa. A tsangayar da ake zuwa daga nesa, musamman ta masu tafiya gabas neman karatu a ƙasar Barno, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare kan kwana a bukka ɗaya su ci daga ƙwarya ɗaya. Gari ne ke ciyar da su. Almajiri yakan sami uwar ɗaki da ke ajiye masa tuwo, shi kuma ya yi mata ɗiban ruwa ko aike. Hukuncin mai faɗa da mai zagi bulala ce, kuma iyaye ba sa jayayya da malam a kanta.

Wanda ya wuce zuwa karatun littattafai a zaure yakan fara da ƙananan littattafan fiƙihun Malikiyya. Ahalari, kafin ya shiga tsarki da salla, sai da ya fara da wajibcin tsare harshe daga ƙarya da giba da annamimanci da zagi da izgili, da tsare zuciya daga hassada da girman kai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda aka rubuta a Ƙairawan a ƙarni na 10 don karantar da yara, ta ƙare da babobin ladubban sallama da neman izinin shiga gida da cin abinci, ta kuma hana ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi fiye da kwana uku. Ta haka abin da kaka ke faɗa a matsayin al'ada ya sami hujjar addini.

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jagoranta daga 1804 ya faɗaɗa wannan karatu. A littafinsa Nurul Albabi Shehu ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda masu muƙamin jaji, wato dattijai mata da aka naɗa wa malfa, ke kai waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulatanci ƙauyuka. Waɗanda ake karantarwa iyaye mata ne, yawancinsu daga yankunan da yaƙi ya ɗaiɗaita, kuma ta bakinsu darasin haƙuri da kyautata wa maƙwabci da marayu ya isa ga yara. Da'irar ta ƙaru daga gari zuwa daular Musulunci, amma wanda ke wajenta bai shiga lissafi sosai ba.

Zuwan boko

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. An ƙiyasta cewa sun tarar da makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa. Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, don haka aka taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa ta Kano, inda ake koyarwa da Hausa cikin rubutun boko, malaman gari kuma na karantar da addini. Daga nan makarantun elamantare na En'e, wato hukumar gargajiya, suka bazu a manyan garuruwa da gundumomi, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 tana samar da malamai.

Turawa sun damu ƙwarai da abin da suke kira gyaran hali. A dokar ilimi ta 1916, kashi 30 cikin ɗari na makin da ake duba wa kafin a bai wa makaranta tallafi ya rataya ne a kan ɗa'a da tsari da koyar da tarbiyya. Takardar manufar ilimi ta 1925 ga ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Ingila, wadda kwamitin da Vischer ke wa sakatare ya fitar, ita ma ta sa addini da gyaran hali a gaba. Sai dai zaman lafiyar da mai mulki ke nufi shi ne bin doka, biyan haraji, da girmama hakimi da Joji. Sababbin abubuwan da aka kawo su ne jerin gwano da safe, duba farce da haƙora, monita mai rubuta sunayen masu surutu, wasan ƙwallo mai alƙali da usur, da ƙungiyar sikawut.

Abin da ya fi tasiri a zukatan ɗalibai shi ne littattafan karatu. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da sauransu. Bayan haka aka ɗauko Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito a littattafai uku daga 1937 zuwa 1939. Ginshiƙin littafi na farko yaƙi ne da ya tashi saboda wulaƙanta manzon wani sarki, da aku da ke tsare ɗan sarki Musa a gida da labarai don kada ya faɗa tarkon waziri. A na uku akun ne ke karantar da ɗansa dabarun zama da mutane. Imam ya ɗauko labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu rigar Hausa, aikin da kaka ke yi da baki ya koma takarda, yara a Sakkwato da Bauci da Yola suna karanta abu ɗaya.

Tsarin mulkin mallaka ya kuma raba yara gida-gida. Ɗan birni yana allo ko elamantaren En'e. Ɗan Sabon Gari, wanda iyayensa suka zo daga Kudu aikin jirgin ƙasa ko kanti, yana makarantar mishan ko ta ƙungiyar ƙabilarsu. A kudancin Zariya da Filato da Binuwai kuwa makarantun mishan ne suka yi rinjaye. Kowane rukuni yana koyon ladabi da son maƙwabci, amma ba su taɓa zama a benci ɗaya ba. Rikicin Kano na watan Mayun 1953 tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari ya nuna zurfin ratar. A shekarun 1950 ɗin ne kuma makarantun Islamiyya masu aji da allon bango suka fara bayyana a Kano da Zariya, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci.

Bayan yaƙin basasa

Kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 su ne suka sa hukuma ta ɗauki makaranta a matsayin wurin ɗinke ƙasa. Tun ana cikin yaƙin, a watan Satumban 1969, aka yi babban taron ƙasa kan manhaja a Legas, wanda ya tara malamai da iyaye da 'yan kasuwa da shugabannin addini. Shekara ɗaya kafin nan, taron Mombasa na ƙasar Kenya ya shawarci ƙasashen Afirka su rungumi ilimin zamantakewa, darasin da ya haɗe tarihi da labarin ƙasa da sanin haƙƙin ɗan ƙasa. An riga an gwada shi a makarantar Aiyetoro ta Jihar Yamma, a Arewa kuma Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta shiga shirya littattafansa da horar da malamai. Tsarinsa yana farawa daga iyali, ya fita unguwa, ya je ƙaramar hukuma da jiha da ƙasa, yana nuna wa yaro abinci da sutura da bukukuwan wasu ƙabilu.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara yawan kwalejojin tarayya da ke haɗa yaran jihohi daban-daban, ta kuma kafa shirin bautar ƙasa a 1973. Jihohi suka karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyi. A watan Satumban 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka fito. A shekarar ce aka sa ɗalibai su riƙa karanta alkawarin biyayya ga ƙasa, wanda Felicia Adebola Adeyoyin ta rubuta, a 1978 kuma aka sauya taken ƙasa. Manufar ilimi ta ƙasa da ta fito a 1977 ta sanya tarbiyya da horon zama ɗan ƙasa cikin manufofin firamare, ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin, ta kuma ƙarfafa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci bayan nasa, don haɗin kan ƙasa.

A wannan zamani taron safe ya zama babban darasin zama tare. Ana kaɗa ƙararrawa, yara su jeru aji-aji, gajeru a gaba, a ɗaga tuta, a rera take, hannu a ƙirji a karanta alkawari, hedimasta ya yi nasiha, sannan a yi maci zuwa aji. A garuruwa irin Kaduna da Jos da Zariya, ɗan ma'aikacin masaƙa daga Binuwai da ɗan mahauci daga Katsina kan zauna benci ɗaya, sai lokacin darasin addini a raba su aji biyu, a gama su dawo. Da salla da kirsimeti akan kai wa juna abinci. Sai dai gaggawar shirin ta jawo cikas. An ɗauki malamai da horon 'yan watanni, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don cike giɓin, azuzuwa suka cika maƙil, kuma da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980 albashi ya riƙa makalewa. Darasin da aka tsara a yi shi da tattaunawa ya koma kwafar rubutu daga allo da hadda. Yaro na iya jero amfanin haɗin kai guda biyar a jarrabawa ba tare da ya fahimci ko ɗaya ba, musamman idan da Turancin da bai iya ba aka koya masa.

Tatsuniya ma ta shigo aji a lokacin, ta hanyar littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni da Ibrahim Yaro Yahaya ya wallafa a farkon shekarun 1970, daidai lokacin da rediyo, daga baya kuma talabijin, suka fara janye yara daga gaban kaka.

Rikice-rikice da sauye-sauyen manhaja

Tarzomar Maitatsine ta Disambar 1980 a Kano, wadda ta ci rayuka fiye da 4,000, ta jawo hankali ga ɗimbin yara da matasa da ke gararamba a birane ba tare da kulawar gari irin ta da ba. Rikicin Kafanchan na 1987 a kwalejin horar da malamai ya faro. Sai Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001. Gwamnatoci sun amsa da shirye-shiryen gyaran ɗabi'a: na Shugaba Shehu Shagari, sannan Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984 wanda ya koya wa jama'a bin layi, sannan shirin wayar da kai na MAMSER a 1987, da hukumar wayar da kai da ta gaje ta a 1993. Kowanne ya leƙa makarantun firamare da waƙoƙi da ƙungiyoyi, kuma yawanci yakan dushe da tafiyar gwamnatin da ta kawo shi. A 1989 an kafa hukumar ilimin makiyaya mai hedikwata a Kaduna, don kai makaranta ruga.

Babbar illar rikicin 2000 ita ce rabuwar unguwanni. A Kaduna Musulmi suka fi tattaruwa arewacin kogi, Kirista kudancinsa, Jos ma ta rabu kusan haka. Makarantar unguwa ta bi sahun unguwa, masu hali kuma suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, da yawansu na addini ɗaya. Bencin da shirin 1976 ya haɗa ya sake rabuwa. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi masu zaman kansu suka shigo. Fitacciya a cikinsu ita ce cibiyar sulhu ta Kaduna da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a 1995, bayan sun yi zaman abokan gaba a rikicin 1992, inda Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun kafa kulob ɗin zaman lafiya a makarantu, ana horar da ɗalibai sasanta 'yan'uwansu, ana haɗa makarantu daga ɓangarori biyu a wasan ƙwallo da muhawara.

A ɓangaren hukuma, an ƙaddamar da shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, dokarsa ta fito a 2004. Manhajar shekara tara da hukumar tsara manhaja ta NERDC ta shirya, wadda ta fara aiki a 2008, ta ware ilimin zama ɗan ƙasa a matsayin darasi mai zaman kansa, da batutuwa irin su gaskiya, juriya da bambanci, haƙƙin ɗan Adam da bin doka. Da aka sake fasalinta don rage yawan darussa, daga 2014 aka haɗa addinin Musulunci da na Kirista da zamantakewa da zama ɗan ƙasa da ilimin tsaro ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna addini da ɗabi'un ƙasa. Shugabannin addinan biyu suka nuna rashin amincewa, kowa na zargin za a shafe nasa, har a 2017 aka ba da umarnin a sake ware darussan addini. Darasin tarihi, wanda aka cire daga matakin farko, shi ma an dawo da shi daga baya.

Halin da ake ciki

Tun daga 2009 makarantar kanta ta zama abin hari. Boko Haram ta ƙona ɗaruruwan azuzuwa a arewa maso gabas, ta kashe malamai, ta sace ɗalibai 276 a Chibok a watan Afrilun 2014. 'Yan bindiga sun kwashe ƙananan yara daga wata Islamiyya a Tegina a 2021, da ɗalibai a Kuriga ta Jihar Kaduna a 2024. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta 2015, ta kuma karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a Abuja a 2021. Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta yaran da ba sa zuwa firamare da kimanin miliyan 10.5, akasarinsu a Arewa. Ƙoƙarin haɗa tsangaya da boko, daga makarantar Gagi ta Sakkwato da aka buɗe a 2012 zuwa hukumar almajirai da aka kafa a 2023, yana nufin jawo waɗannan yara ne.

Yaron firamare a ƙasar Hausa a yau yakan sami tarbiyya daga wurare uku a rana ɗaya: boko da safe, Islamiyya ko allo da yamma, gida da waya da dare. Duka ukun suna yabon haƙuri da gaskiya da girmama mutane, bambancinsu yana wajen waɗanda kowanne ke kira namu. Tarihin ya nuna cewa kusan duk lokacin da hukuma ta ƙara darasin zaman lafiya a manhaja, bayan an zubar da jini ne. Ya kuma nuna cewa hanyoyin da suka fi kama jiki, irin su akushi ɗaya, da barkwanci, da tsangaya, da bencin shekarun 1970, duk sun haɗa yara ne a wuri ɗaya ƙarƙashin babban da suke ganin adalcinsa. Shi ya sa wasu masu tsara ilimi ke ɗaukar horar da malami, da koyarwa da harshen da yaro ke ji, da rage duka, da tsaron makaranta, da cuɗanya yaran unguwanni daban-daban a matsayin sassan darasin, ba ƙari a kansa ba.